Dasa zogale, shuwaka da rumman daga yankan reshe: yaya kuke yi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Dashen leda ya yi tsada wurin masu sayar da fulawa. Masu shuka a tsakar gida, wane reshe ne ke kamawa idan an yanka an dasa, kuma me ke kashe shi?

Daga Zariya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Zogale ya fi sauƙi. Ki sami reshen da ya ƙosa, tsawon mita 1, kaurin ƙotar fartanya, ki binne kashi ɗaya cikin uku idan damina ta zauna, wajen watan Yuni. Kada ki juya kansa ƙasa. Yawan ban ruwa ne ke ruɓar da shi. Ƙasa ta yi danshi kawai, kar ta yi caɓi. Sai dai na reshe ba ya yin doguwar saiwa irin na ƙwaya, shi ya sa iskar hadari ke kayar da shi. Ki riƙa datse kansa, zai yi rassa, ganyen ma ya fi yawa.

Daga Maraɗi: Malam ya manta da gara. A wajenmu ita ke cinye gindin kafin saiwa ta fito. A zuba toka a ramin, kuma kar a sa kara ko ɗanyen taki kusa, su ke janyo ta.

Daga Kaduna: Shuwaka kam ko yaro zai iya. Yankan santimita 25 zuwa 30, a cire ganyen ƙasa, a soka a karkace, gaɓa 2 ko 3 cikin ƙasa. A mako 2 zuwa 3 za ki ga toho. Na'ana'a kuwa sai a tsohon bokiti mai huda, in ba haka ba za ta mamaye fili.

Daga Kano: Rumman ne ke son haƙuri. A ɗauki reshe mai kaurin fensir, tsawon santimita 20, lokacin sanyi. Ba sai an sayi ledar reno ba: ledar fiyawota ta isa, a yanke bakinta, a huda gindinta sau 3 ko 4. Haɗin ƙasa: kwano 2 na ƙasa, 1 na yashi, 1 na takin awaki da ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. A ajiye a inuwa, a kifa farar leda saboda hunturu na busar da reshe. Kuskuren mutane shi ne ganin ganye sai su ɗauka ya kama, alhali abincin da ke cikin reshen yake ci. Ki bari wata 2 zuwa 3, sai kin hango farar saiwa ta jikin ledar.

Mai tambaya: Ruwan wanke-wanke fa, Yaya?

Daga Kano: Na ɗauraya da na alwala ba laifi. Mai omo ko bilic kuwa yana kashe ƙaramin dashe. Kuma ki kewaye da ƙaya ko tsohon kwando, domin akuya ba ta barin tohon zogale.