Kunnen Mama ya tafi, wa'azi yana wuce ta: wa ya taɓa gwada rubutu a bango?

Autar Mama

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Ina neman wanda ya taɓa shiga irin halin da muke ciki.

Mahaifiyata ta haura shekara 70. Shekara uku ke nan kunnenta yana ja da baya, yanzu sai ka matso ka ɗaga murya kafin ta kama abin da ka ce. Mace ce da ta tsufa tana buga tulu a Zumuntar Mata, ba ta fashin Mas, wato sujadarmu ta Katolika, ko ana ruwa. Ran Lahadin nan na zauna kusa da ita, na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Idonta ba ya kan bagade, yana kan matar da ke gabanta. In matar ta miƙe, ta miƙe. In ta durƙusa, ta durƙusa. Da Fada ya faɗi wani abu a wa'azi jama'a suka yi dariya, sai ta waiwayo ta dube ni, ita ma ta yi murmushi. Muna isa gida ta ce, "Auta, me ya ce?" Na rasa abin ba ta sai gutsuri-gutsuri.

Tana karanta Hausa sarai. Cocinmu akwai majigi, amma waƙa kawai ake haskawa da lissafin baiko. Ina so in je wurin Fada in roƙa a riƙa haska karatu da wa'azi. Kafin in je, don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya gaya mini yadda abin ya kasance.

Ɗan 96

Sannu 'yar'uwa. Ki gaishe mini da Mama. Abin da kika gani a fuskarta, ni na yi shekaru ina yin sa.

Sanƙarau ya ɗauke mini ji a annobar 1996, ina aji biyar a firamare. Na kwanta ina ji, na tashi duniya ta yi tsit. Da yake na riga na iya karatu da magana, mutane suka ɗauka ai zan karanta leɓe in wuce wurin. Ku tsaya gaban madubi ku ce "bari", "ɓari", "mari". Leɓe iri ɗaya ne duka. Ga shi Hausa tana rarrabe kalma da hawa da saukar murya, wannan kuwa ido ba ya ganin sa. To ƙara da makirfo da ke rufe bakin Fada, da tagar da ke bayansa wadda ke mai da fuskarsa inuwa. Ina zama a bencin farko, amma abin da nake tsinta bai kai ya ƙoshi ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne Lahadi ta 23 ta shekarar B a jerin karatun ikilisiya, ranar da ake karanta Markus 7, inda Yesu ya ce wa kurman nan "Iffata", wato buɗu. Shekara uku-uku take zagayowa. Ran nan ne ake tunawa da mu, har a nuna mu da hannu cikin ƙauna. Amma ko a ranar, wa'azin da ake yi a kanmu ba mu san me aka ce ba.

Wani ɗan makarantar Fada da ya zo hutu ne ya fara zama da kwamfuta yana buga wa'azi, yana fitowa a bango. Da kurakurai, yana kuma makara. Amma ran nan na bi magana daga farko har ƙarshe, karo na farko tun ina yaro. Da aka ce "Ubangiji ya kasance tare da ku" na amsa tare da kowa, ban jira na ga bakin maƙwabcina ya motsa ba. Na fita waje na yi kuka sosai. Je ki wurin Fada, kada ki ji nauyi.

Mai Majigi

Ni nake riƙe da majigin cocinmu shekara huɗu. Aikin kashi biyu ne, kuma ba su kama hanyar zama ɗaya ba.

Na farko mai sauƙi ne. Yawancin Mas a rubuce yake tun kafin a shigo: amsoshi, Ɗaukaka, Na Ba Da Gaskiya, Mai Tsarki, Ubanmu, Ɗan Rago na Allah. Karatun kowace Lahadi ma sananne ne. Ran Asabar da yamma nake jera su. Abu ɗaya da ya taɓa kunyata ni shi ne babbar addu'ar keɓewa da ake yi a kan gurasa da ruwan inabi, domin manyanta huɗu ne, kuma Fada ne ke zaɓa. Na shirya ta biyu, ya ɗauki ta uku. Tun ran nan, kafin ya sa riga nake leƙawa in tambaya.

Wa'azi shi ne dutsen. Babu yatsan da zai kamo bakin mai wa'azin da ya ɗauki zafi, balle irin namu da ke fara jimla da Turanci su ƙarasa da Hausa. Abin da ya cece mu, Fada ya yarda yana turo mini ƙashin wa'azin daren Asabar, ayoyi da manyan maganganu. In ya kauce ya shiga labari, sai in bi shi da hannu, ina taƙaitawa. Mu biyu ne, muna karɓar juna, don bayan minti goma sha biyar yatsu sukan fara ƙarya. Mun gwada manhajar waya mai mai da magana rubutu. A ɗaki shiru da Turanci ta yi ƙoƙari. A cikin coci mai rufin kwano, ga amsa-kuwwar lasifika ga kukan jarirai, abin da ta fitar ba ya karantuwa, da aka juya Hausa kuwa sai ta rikice gaba ɗaya.

Ƙananan abubuwa: farin rubutu a baƙin fili ya fi ganuwa da rana. Layi uku ko huɗu ya isa. A sa allon kusa da inda ake karatu, don ido kada ya yi ta kai-komo tsakanin fuskar Fada da bango. A nemi madannin da ke da ƙ, ɗ, ɓ, saboda tsofaffi irin Mama sun saba da su a Littafi Mai Tsarki. Kuma a tanadi batir. In wuta ta ɗauke, mai ji zai ci gaba da jin muryar Fada ko ba lasifika, kurma kuwa shi ke nan an rufe masa ƙofa har a tada janareta.

Malamar Kurame

Na ji daɗin wannan magana, amma ina roƙo kada a sayi majigi a ce an gama da kurame. Shekara 19 ina koyar da su.

Mama da Ɗan 96 sun ji Hausa kafin kunne ya tafi, rubutu yana mayar musu da muryar da suka sani. Yaron da aka haifa kurma bai taɓa jin Hausa ba. In ya yi makaranta, da Turanci aka koya masa karatu, kuma da yaren hannu mai asali daga Amurka, wanda ya bazu ta hanyar Andrew Foster, kurma baƙar fata ɗan mishan da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. In bai yi makaranta ba, yarensa maganar hannu ce irin ta kuramen ƙasar Hausa, wadda ake yi a kasuwa da bakin tasha tun kaka da kakanni, kuma daban take da ta makaranta. Ka haska masa Hausa a bango, kamar ka miƙa wa mai ƙishi tulu a rufe ne.

Na taɓa kai ɗalibaina shida Mas mai rubutu. Da muka fito na tambaye su me suka gane. Biyu sun kama sunan littafin da aka karanta. Ɗaya ta nuna mini ƙirjinta, ta ce ganga ta ji. Mako na gaba na tsaya gefen bagade ina fassara da hannu, suka hana ni tafiya gida da tambayoyi.

Saboda haka a yi duka biyun in da hali. In babu, a tara kuramen ikilisiya a tambaye su wanne suke so. Fadar Paparoma ma tun 2021 tana da tashoshin YouTube masu fassara da yaren hannu na Italiya da na Amurka. Kuma akwai Fada Cyril Axelrod na Afirka ta Kudu, da kurumta aka haife shi, aka naɗa shi Fada a 1970. Kullum ina nuna wa yarana hotonsa.

Tsohon Katikis

'Ya'yana, mu a ƙauye ba wuta ba majigi. Fada yakan zo mana sau ɗaya a wata. Muna da dattawa uku da kunne ya yi nauyi, da wata yarinya da ƙyanda ta taɓa. Allon makarantar katikisma na ɗauko na jingina a gaba. Nakan rubuta sura da aya da alli, da lambar waƙa, da jimla uku na abin da zan faɗa. Jikana yana tsaye da sanda yana nuna inda muka kai.

Wani dattijo ya ce na mai da ɗakin Allah aji. Ban yi fushi ba. Na tuna masa cewa da Latin ake yin Mas muna yara, muna amsawa ba mu san me muke faɗa ba, sai da babban taron Batikan na biyu ya fitar da takardarsa kan sujada a 1963 aka buɗe hanyar harsunanmu, don kowa ya sa hannu da saninsa. Na ce masa, abin da aka yi mana ran nan shi nake yi wa waɗannan. Na kuma ba shi labarin Waliyyi Faransis na Sales, wanda ya koya wa wani kurma mai suna Martin addini da alamun hannu, har Faransis ya zama waliyyin kurame, ana idinsa 24 ga Janairu. Yanzu dattijon shi ke sayo alli in ya je kasuwa.

Maman 'Yan Biyu

Ba wanda ya taɓo furta zunubi. Kunnena ɗaya ne ke aiki, shi ma rabi. Na taɓa durƙusawa, Fada ya yi magana ban ji ba, ya maimaita ban ji ba, ya ɗaga murya har na bayan layi suka ji. Na yi shekara biyu ban koma ba. Wata Sista ce ta ce in rubuta a takarda. Yanzu a ofis nake samun sa, in miƙa, ya karanta, ya rubuta mini abin da zan yi, ya maido mini takardar in ƙone ta da hannuna. Wanda bai iya rubutu ba, dokar ikilisiya ta 990 ta yarda a yi ta bakin mai fassara, ta 983 kuma ta ɗaure mai fassarar da riƙe sirri. Auta, ki tambayi Mama a hankali yaushe rabonta da zuwa.

Ɗan 96

Na manta abu ɗaya. Daren Ista, lokacin da ake kashe fitilu a shigo da kyandir. Ga masu ji, shi ne dare mafi kyau a shekara. Ni a duhun nan ba leɓe, ba hannu, ba allo. Mai Majigi, ku yaya kuke yi?

Mai Majigi

Mun yi gardama a kai sosai. Mawaƙan coci suka ce haske zai ɓata daren, kuma suna da gaskiyarsu. A ƙarshe mun kashe majigi, muka ba bencin gaba ƙaramar kwamfutar hannu da aka rage wa haske, rubutun yana zuwa musu daga wurina. Mutum huɗu suka sa kai wuri ɗaya suna karantawa.

Autar Mama

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka. Na je wurin Fada ran Alhamis da duk abin da kuka rubuta. Ya yi shiru, sannan ya ce shi bai san Mama ba ta jin sa ba, don kullum yana ganin ta tana gyaɗa kai. Ya yi alkawarin ba da wa'azi a takarda kafin a samu mai bugawa.

Jiya aka fara. Mama ta sa gilashinta ta bi takardar da yatsa. A hanyar gida ba ta tambaye ni me ya ce ba, ita ce ma take gaya mini wurin da ta ga bai yi bayani sosai ba. Sai dai ta roƙi abin da ban yi tunaninsa ba: a rubuta mata sanarwa. Ashe watan jiya an sanar da jana'izar wata ƙawarta ta Zumunta a ƙarshen Mas, tana zaune a wurin, ba ta sani ba sai bayan an binne. Ta riƙe abin a ranta ba ta gaya wa kowa ba.

Na yi magana da sakataren coci, daga wannan Lahadi zai riƙa ba ni kwafi. Maman 'Yan Biyu, tambayarki ban samu bakin yi mata ba tukuna. Malama, akwai samari biyu kurame da ke zama can baya kusa da ƙofa, ban san ko sunansu ba. In na same su ran Lahadi, da wace alama zan fara gaishe su?