Kakanmu bai kai Burmi ba, kuma Baffa ya ce kar in rubuta

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya hana ni barci. Ina ajin ƙarshe a sashen tarihi, kundin kammala digirina a kan hijirar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ne. Da farko ma ba shi na zaɓa ba. Na so in yi a kan fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, malamin da ke duba min aiki ya ce an cika yin sa. Na kawo ganuwar Kano, ita ma ya ce a'a. Sai na tuna tun muna yara ake faɗa mana cewa kakan mahaifinmu yana cikin waɗanda suka bi Sarkin Musulmi bayan Nasara sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, har ya yi yaƙi a Burmi ranar 27 ga Yuli, inda aka kashe Attahiru, shi kuma ya tsira da rauni a kafaɗa. Duk sallah sai Baffa ya ba da labarin nan. Akwai ma takobi rataye a ɗakinsa, kubensa duk ya ɓare, ba ya yarda yara su taɓa.

To na je hira da Goggo, ita kaɗai ta rage a 'ya'yansa. Ta ce min bai kai Burmi ba. Tun kafin Misau ya juyo, saboda matarsa ta haihu a hanya, daga baya ma ya zama malamin jangali a En'e. Kuma na ga wata takarda ta ajami da ta yi daidai da maganarta. Baffa ya ji labari, ya kira ni ya ce idan na rubuta wannan ba shi ba ni. Shi yake biya min kuɗin makaranta tun rasuwar mahaifinmu. Babi na huɗu kacokan a kan wannan yake. Yaya zan yi?

Malam Na Gidan Kanawa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, rubuta abinka. Wa ya faɗa wa Baffanka cewa juyowa abin kunya ne? Wazirin Sakkwato Buhari da kansa ya dawo garin ya yi sulhu da Turawa, har ya rubuta risala yana bayyana hujjarsa ta shari'a, cewa kada a bar talakawa ba jagora. Ba a yi mako guda da faɗuwar garin ba Gwamna Lugga ya naɗa Muhammadu Attahiru na Biyu Sarkin Musulmi. Mafi yawan jama'a zama suka yi. A 1906 da mutanen Satiru, wani gari kusa da Sakkwato, suka tayar wa Turawa, har da dakarun masu sarauta aka je aka rushe garin. Duk wanda ya san tarihin nan ya san ba gidan da zai ce hannunsa bai taɓa aikin En'e ba. Rubuta, ba wata shawara bayan wannan.

Maman Ɗalibai:
Malam, da sauƙin faɗa tunda ba kai za a yanke wa zumunci ba. Ɗana, canza sunan, ka ce "wani magidanci", ka karɓi digirinka. Ni ma ƙanina ya tono maganar gadon gona da wata tsohuwar takarda, yau ko gaisuwar mutuwa ba ma zuwa wa juna. Ni ce nake ta zirga-zirga tsakaninsu, kuma ni ake zagi ta kowane ɓangare.

Ɗalibin Tarihi:
Mama na gode, amma ba zai yiwu ba. Na riga na rubuta a gabatarwa cewa gidanmu ne misalin da zan yi nazari a kai, kuma a haka aka amince da batun. In na ɓoye sunan, me ya rage?

Ɗan Damagaram:
Ku a Najeriya ko ba komai kuna da takardu. Mu nan Nijar, ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ƙone Birnin Ƙonni a 1899, ya afka wa Sarauniya Mangu a Lugu, a shekarar kuma Faransawa suka ci Damagaram. Amma a lakwal mun fi sanin sarakunan Faransa a kan wannan. Abin yana ci min rai har gobe.

Malam Na Gidan Kanawa:
Gaskiya ne ɗan'uwa, amma mu koma kan yaron nan. Maman Ɗalibai, ɓoye suna ha'inci ne a ilimi. Kai kuma ka tafi gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ka leƙa Arewa House, ka nemi rahotannin lardi. Can za ka ga yadda aka yi. An gwabza a Burmi tun watan Mayu aka kori Turawa, sai a karo na biyu suka dawo da igwa da bindiga mai ruwa, kuma su ma sun rasa kwamandansu Manjo Marsh. Wanda ya shiga wannan wuta ya fito da rai sannan ya samu aikin jangali? Ni ban yarda ba tun farko.

Mai Nazari:
Malam, ka yi saurin yanke hukunci. Ɗalibi, tambaya nake da ita. Goggon nan an haife ta ne shekaru da yawa bayan 1903, ita ma ji ta yi, kamar yadda Baffa ya ji. Me ya sa ka ɗauki tata ka bar tasa? Ita wannan takarda wa ya rubuta ta, yaushe, a hannun wa ka same ta? Akwai hatimi? Zama malamin jangali daga baya bai hana a ce ya je Burmi ba. Kawo ruwayoyin biyu ka auna su, shi ne aikin ɗan tarihi.

Ɗalibin Tarihi:
Goggo 'yarsa ce ta cikinsa, daga bakinsa ta ji, Baffa kuwa jika ne. Kuma mace mai shekarunta me za ta ci da yi wa mahaifinta ƙarya? Maganar inda na samu takardar ba zan iya faɗa a nan ba, akwai dalili. Ni dai na gamsu da ita.

Jikan Mai Wurno:
Ina karantawa daga Sudan, hawaye na zuba. Kakanninmu ne suka wuce gabas tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Attahiru, bayan Burmi, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Nan ana ce mana Fallata, in mun zo Najeriya a ce mana 'yan Sudan. Wanda ya juyo saboda mai jego bai yi laifi ba wallahi, mutane nawa suka mutu a hanya. Amma kada a ci gaba da ba shi ladan waɗanda suka kwanta a Burmi. Idan za ka yi babi a kanmu, akwai dattawan da zan haɗa ka da su.

Maman Ɗalibai:
Duk wannan ba zai biya masa kuɗin zangon ƙarshe ba. Ka samu wani babba da Baffa ke jin nauyinsa, limami ko aminin mahaifinka, ya je ya yi masa magana.

Malam Na Gidan Kanawa:
Ba sai an kai ga limami ba. Ka buga, ka miƙa, Baffa zai huce. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba.

Mai Nazari:
Har yanzu ba ka faɗa mana abin da malamin da ke duba aikinka ya ce ba. Ya ga takardar?

Ɗalibin Tarihi:
Bai gani ba tukuna, ya yi tafiya. Limamin unguwarmu kuma abokin Baffa ne, tare suke ba da labarin takobin. Jikan Mai Wurno, na gode, amma lokaci ya ƙure min, ba zan iya ƙara babi ba. Yanzu haka Baffa ya aiko in je gida ranar Juma'a in zo masa da takardar, ita kuma Goggo ta ce kar in ba kowa.