Tazarar haihuwa ga mata masu buƙata ta musamman: abin da aka tattauna a Garwa, Kamaru

A zaman tattaunawar da na halarta, wata baiwar Allah kurma ce ta fara kokawa: a asibiti da mai rakiya ake magana, ita ana kallonta kawai. Shawara ta tsaya kan mace ta zaɓi amintacciyar da za ta fassara mata, kuma macen ce ke da ta cewa, ba mai fassarar ba. Ba a ɗaure mahaifa ko sa robar mahaifa sai da yardarta, ko da dangi sun matsa.

An fi daɗewa kan magunguna. Mai farfaɗiya da ke shan carbamazepine ko phenobarbital ta gaya wa ungozoma, domin suna rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da ashanar hannu. Allurar wata 3 da robar mahaifa ba sa samun wannan matsala. Mai yini a keken guragu ta yi hattara da ƙwayoyi masu sinadarin estrogen saboda daskarewar jini, abin da ni ma ranar na fara ji.

Makauniya kuwa, ta sa ƙararrawar waya don lokacin shan ƙwaya. Wani malami ya tuna mana dokar Kamaru ta 2010 mai kare haƙƙin naƙasassu, ya ce a riƙa zuwa da katin naƙasa.