"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi": da bulala ne ko da wasa?

Maman Tagwaye: Salama gare ku. Ran Lahadi bayan sujada surukata ta tarar da ni a tsakar gida ina wasa da tagwayena, shekararsu 3. Wasan ba wani abu ba ne: in ina buga murfin tukunya su yi ta rawa, da na ce "tsaya!" kowa ya ƙame kamar an dasa shi. Wanda ya motsa ya faɗi. Mama ta girgiza kai ta ce, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ke kuwa kin zauna kina yi masa kiɗa." Uwar miji ce, ban tanka ba. Amma ni a ganina tanƙwarawar ce nake yi. Ko ni ce ban gane karin maganar ba?

Dattijon Ikilisiya: 'Yata, Mama ta fi ki gaskiya. Tanƙwara daban, shafa daban. Ki duba littafin Karin Magana 13:24 a cikin Littafi Mai Tsarki, wanda ya hana ɗansa horon sanda ƙinsa yake yi. Hausawa ma sun ce ka ƙi naka duniya ta so shi. Yawan wasa kuma shi ke kawo raini.

Ɗan Masaƙi: Baba, a gafarce ni in sa baki. A wajenmu cewa muke "geza tun tana ɗanya ake tanƙwara ta", kuma da itacen geza mahaifina ya ci da mu, kwanduna yake saƙawa. Ban taɓa ganin ya doki reshe ba. Kan gwiwarsa yake ɗora shi, yana binsa da babban yatsa kaɗan-kaɗan har ya zagayo. Ni da nake yaro mai gaggawa, in na murɗa da ƙarfi sai ka ji ƙas, ta tsage, sai dai a sa a murhu. Wadda ta soma bushewa ma jiƙa ta yake yi kafin ya taɓa. Saboda haka ni a wurina zancen lokaci karin maganar take yi, wato a fara da wuri. Ba ta ce komai kan ƙarfin hannu ba, mu ne muka cusa mata bulala.

Malamar Makarantar Lahadi: Haka ne, ɗan'uwa. Kowane yaro a ajina ya haddace Afisawa 6:1, 'ya'ya su yi wa iyaye biyayya. Aya ta 4 da ta ce kada ubanni su tsokani 'ya'yansu har su fusata, ita ce iyaye ke tsallakewa. Mu muna wasan Sama'ila, yaron nan na Littafi Mai Tsarki da Allah ya kira yana kwance da dare: yara su kwanta a tabarma kamar masu barci, in kira sunan ɗaya, ya yi zumbur ya taho ya ce "Ga ni!" Har rigima suke yi a kan wa za a kira. Wata uwa ta ce mini yanzu kira ɗaya take yi a gida, a da sai muryarta ta dushe.

Dattijon Ikilisiya: Malama, tunda kin kawo Sama'ila, a gidan Ubangiji ne Eli firist ya rene shi, kuma Elin ne ya kasa tsawata wa 'ya'yansa Hofni da Finehas. Kin san ƙarshensu. Tambayata ɗaya ce: ranar da babu murfin tukunya, babu dariya, yaron zai ji?

Maman Tagwaye: Baba, wannan ranar ta zo mini. Makonni biyu da suka wuce ƙwallo ta gangara titi, ƙaramin ya bi ta a guje, ga Keke Napep tafe. Da zani ɗaya a jikina na yi ihu "tsaya!" Wallahi, a'a, ku yafe ni, ba ma rantsuwa, amma yaron nan ƙamewa ya yi a bakin kwata, ƙafa ɗaya a sama, yana jiran in ce ya ci. Ni ce na zube ƙasa. Sai dai ba zan ɓoye muku ba, akwai inda maganarku ta kama ni: takalmansu ba sa kwashewa sai na mai da abin tsere. In na faɗa da murya kawai, kallona suke yi.

Ɗan Masaƙi: To ai reshen bai gama zagayowa ba ke nan.

Dattijon Ikilisiya: Ko kuma hannun ya yi laushi da yawa. Na gode wa Allah da ya kiyaye jikana. Amma kan takalman nan ban sauka ba.

Malamar Makarantar Lahadi: Ki gwada haka: yau da tsere, gobe ki faɗa sau ɗaya ba tsere, in sun ƙi babu tatsuniya daren nan. Kada ki janye ko sun yi kuka.

Maman Tagwaye: Zan gwada. Matsalar ita ce Mama ce mai tatsuniyar, kuma duk da zancen iccen nan nata, ba ta iya jin kukansu na minti 2.