Mi yas sa ake kai manyan jiragen ruwa Lekki?

Mai shago, Tsohuwar Kasuwa: Salam jama'a, kwantenarmu ta tayoyi wai tashar jiragen ruwa ta Lekki a Legas taz zo ba ta Apapa ba, shin mi ab bambanci?

Direban Illela: Zurfi ne Alhaji. Lekki mita 16.5 gare ta, 2023 anka buɗe ta, jirgin da cikinai ka taɓa ƙasa a Apapa, a Lekki sai ya shige lafiya lau.

Ɗan Mabera: Ba zurfi kaɗai ba hwa, sai an yashe hanyar shiga, a kafa manyan turakun ƙarfe na ɗaurin igiya, ga ƙananan jirage masu turo shi bakin gaɓa sannu sannu don katon ba ya da birki kamar tirela. Ka tuna jirgin Ever Given, mai tsawon mita 400, da ya toshe mashigin ruwan Suwez 2021?

Mai shago: Allah sarki, mu dai kayan su iso Sakkwato kafin sallah.