Asalin noman wardi: Dimashƙa ne ko Sin?

Mai Lambu:
Assalamu alaikum. Don Allah masana, daga ina noman wardi ya faro? Wasu sun ce Dimashƙa, wasu sun ce ƙasar Sin. Kuma me ya sa wardin da ake sayarwa a ɗaure yake da kyau amma ba ƙanshi?

Mai Yayyafi:
Wa alaikumus salam. Kowanne da gaskiyarsa, don wardin yau gado biyu ya haɗa. Na daji ya fi iri 100, duk a arewacin duniya, kuma yawancinsu ganyen furensu biyar ne kacal. Na Dimashƙa, wato Rosa damascena, shi ne mai ƙanshin nan, amma yawanci sau ɗaya yake fure a shekara, na 'yan makonni. Na Sin kuwa ƙanshinsa bai kai ba, sai dai yana fure yana sake yi. Tsakanin 1792 da 1824 aka kai iri huɗu na Sin Ingila, masu lambu suka shiga haɗa su da na Turai. A 1867 wani mai lambu, Guillot, ya fitar da irin wardin da ake kira La France a Faransa, daga nan ake ƙirga wardin zamani. Launin ruwan ɗorawa mai haske ya zo a 1900, lokacin da wani mai lambu, Pernet-Ducher, ya fitar da irin da ake kira Soleil d'Or daga wani wardin Farisa. Sai dai da launin aka gaji saurin kamuwa da cutar baƙin tabo a ganye.

Uwar Turare:
Malam, a ƙara da cewa sunan ne kawai na Dimashƙa. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna iri uku ne suka haɗu suka haife shi, ɗaya daga tsakiyar Asiya. Tatsar ruwansa ta tururi a Farisa ta bunƙasa, kuma masanin nan Balarabe Al-Kindi ya yi rubutu kan tatsar turare tun ƙarni na 9. Har yau ana nomansa a Ƙamsar ta Iran, Isparta ta Turkiyya, Kazanlak ta Bulgeriya, da Ɗa'ifa, kuma da ruwan wardi gauraye da zamzam ake wanke Ka'aba. Da asuba ake tsinke shi, don rana na ɗagawa man ƙanshinsa yake tashi. A ranar ake zuba shi a tukunyar tatsa, in ya kwana a buhu sai ya yi zafi ya lalace. Kilo ɗaya na man yana cin kamar tan 3 zuwa 4 na fure.

Mai Yayyafi:
Haka ne, Hajiya. Batun rashin ƙanshi kuma, zaɓi ne ya jawo. Masu noman kasuwa sun fifita dogon kara, ganyen fure mai kauri da daɗewa a cikin ruwa, ƙanshi ya koma baya.

Mai Lambu, in tsohon iri kake so, kada ka shuka ƙwaya, ba za ta yi kama da uwar ba. Yanki reshe mai santimita 15 zuwa 20 da ido 3 ko 4, cire ganyen ƙasa, binne rabinsa a ƙasa mai yashi, a inuwa. Ruwa in ya yi yawa gindin ruɓewa yake. In kuma mai aure ka saya, wato wanda aka ɗora iri a kan gindin na daji, duk tsiron da ya fito ƙasa da mahaɗin ka fizge shi daga tushe, domin na dajin ne, kuma in ka bar shi zai danne irin da aka ɗora.