Golf ɗina na zabura in na tashi da lodi, wai bulok ne ya murɗe?

Direban Illela:
Assalamu alaikum. Ina jan Golf 3, injin 1.8, tsakanin Sakkwato da Illela. Mako biyu ke nan, duk sanda na yi lodin albasa na saki kuloci a giya ɗaya, sai in ji "gum" a gaba, sandar giya ta yi tsalle a hannuna. In mota ta miƙe hanya, shiru. Wani yaron gareji ya ce bulok, wato gangar jikin injin, ya murɗe, sai dai in sayi wani injin. Wallahi motar nan da ita nake ciyar da gida, na kasa barci. Bulok na murɗewa kuwa?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka, kada ka sayi komi tukuna. Ka taɓa lura da mai tuƙa tuwon biki? Sai ta kafe ƙafa, don yadda take tura muciya haka tuwon ke ture ta baya. To, kirankishaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin injin, shi ne muciya, bulok shi ne mai tuƙi. In kirankishaf ya juya gaba, injin gaba ɗaya yana neman kifewa baya. Abin da ke riƙe shi robobin nan ne da muke kira injin sit. Uku ne a motarka, ɗaya gaba, biyu baya. Zafin garin nan, da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, yana busar da roba, baƙin mai kuma in yana ɗiga kanta sai ya ruɓar da ita.

Buɗe bonet, ja hambirki, sa giya ɗaya, ka ɗan ɗaga kuloci. Wani ya tsaya a gefe ya duba, a gefe na ce, ba gaban mota ba. In injin ya ɗaga kai kamar rago zai yi karo, roba ce ta yanke.

Malamin Fasaha:
Baba ya yi gaskiya, dokar Newton ta uku ce: in ka tura abu, shi ma yana ture ka baya. Injinka na ba da ƙarfin juyi kusan Nm 145 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin juyi), amma giya ɗaya na ninka shi fiye da sau goma kafin ya kai taya, shi ya sa sai wajen tashi kake jin abin. Bulok ɗin zubin baƙin ƙarfe ne. Yana ɗan murɗewa, amma ido ba ya gani, kuma nan take yake komawa daidai. Abin da ke lanƙwashewa shi ne kan silinda na alminiyam, shi ma sai injin ya tafasa. Ruwanka na raguwa?

Direban Illela:
Ko ɗigo, Malam. Baba, Allah ya saka da alheri. Mun gwada da safe, ta gaba ce ta rabe biyu, duk ta jiƙe da mai. Wani ya ce in bari a yi walda a wurin, a huta da roba.

Tsohon Bakanike:
Kul! Girgizar za ta koma jikin mota, ta tsaga ƙarfen da injin ke zaune a kai. Sa roba, ka duba sauran biyun, kuma ka fara toshe inda man ke fitowa.